Sauya Fankar Mota Zuwa Ta Lantarki: Abin Da Masu Bin Hanyar Ruma Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙasar Ruma, daga Batsari zuwa Safana da Runka da ƙauyukan bakin Dajin Rugu, ya san cewa da zarar an sauka daga kwalta, sai yashi da rafuka da kwazazzabai. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma lalacewar mota a irin wannan hanya, a halin tsaron da yankin ke ciki, ba ƙaramin hatsari ba ne. Don haka idan inji ya fara tafasa, shawarar da akan ba masu Hilux da Land Cruiser ita ce su cire fankar da inji ke juyawa, su sa ta lantarki. Shin kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Fankar asali tana samun ƙarfinta ne daga inji ta hanyar fambel. A yawancin waɗannan motoci akwai ɗan kuloci mai man silikon a tsakiyarta, wanda ke kamawa idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, ya saki idan ta huce. Gudunta yana bin gudun inji. Ita kuwa ta lantarki, daga batir take sha, kuma na'urar auna zafi ce ke tayar da ita idan ruwan inji ya kai wajen digiri 90 zuwa 95.

Ta lantarki tana da amfani na gaske. Idan mota na tsaye a shingen bincike ko cikin cunkoson ranar kasuwa, inji na juyawa a hankali, fankar asali ba ta jan iska sosai, amma ta lantarki tana aiki da cikakken ƙarfinta. Tana rage ƙara, tana kuma ɗan sauƙaƙa wa inji nauyi. Da damina, direba zai iya kashe ta kafin ya ratsa rafi, domin fankar da ke juyawa cikin ruwa fikafikanta na iya lanƙwasa su huda lagireto.

Sai dai a cikin yashi labarin yakan sauya. Mota ɗauke da buhunan hatsi tana tafiya da giya ta ɗaya ko ta biyu, inji na ruri, zafi na ƙaruwa, iskar da ke bugo gaban mota kuma kaɗan ce. A daidai wannan lokaci fankar asali ta fi jan iska, domin gudun injin ne ke ƙara mata ƙarfi. Ƙananan fankoki masu araha, ko waɗanda aka ciro daga ƙananan motoci, sau da yawa ba sa kamo ta. Sakamakon shi ne ƙonewar gaskit, wani lokaci har kan inji ya lanƙwashe.

Akwai kuma batun wuta. Fanka ɗaya mai ƙarfi kan ja amfiya 15 zuwa 30, yayin da altanetar tsofaffin motoci da dama ba ta wuce amfiya 70 ba. Idan aka haɗa biyu, ga fitilu ga na'urar sanyaya ɗaki, batir zai riƙa ƙarewa. Fis ɗaya ya ƙone, ko ƙura da laka su kashe motar fankar, shi ke nan sanyaya ta tsaya ba tare da direba ya ankara ba.

Saboda haka, kafin a kashe kuɗi, a fara binciken tushen matsalar. Sau da yawa kulocin fanka ne ya mutu, ko lagireto ya toshe da laka da ciyawa, ko marfinsa ya daina riƙe matsi, ko an cire kwandon da ke kewaye fankar. Gyaran waɗannan ya fi sauyi araha.

Wanda kuma ya yanke shawarar sauyawa, ya tabbata mai aikin wayarin ya sa kwandon da ya rufe faɗin lagireto, da waya mai kauri, da fis da rile na kowace fanka daban, da makunnin hannu a gaban direba. Kada a cire tamostat, kada kuma a haɗa fanka kai-tsaye da makulli. Ga wanda yawancin tafiyarsa cikin yashi ce da kaya, ya fi dacewa ya gyara fankar asali, ya ƙara ƙaramar ta lantarki a gaban lagireto don taimako, sannan ya gwada motar da lodi a kusa da gari kafin ya ɗauki hanyar ƙauye.