Kafin a Ƙara wa Tsohuwar Mota Gudu

Har yanzu akwai masu Peugeot 504, irin wadda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975, da ke sha'awar sa mata babbar kafireta domin ta ƙara gudu. To, amma injin da ya ci kilomita 300,000 ba a ɗora masa sabon nauyi da ka.

Makanikin kirki yakan fara auna matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta gaza 'yan'uwanta ƙwarai, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, galibi ringi ne ya cinye, baƙin mai na ƙonewa. Sai a sauke inji, a sake ringi da mital tukuna, don kuwa ƙarin wuta a kan mital da ya sassauta karanshaf yake kashewa.

In matsin ya daidaita, baƙin mai kuma ba ya raguwa, a bar injin a rufe.