Idon da aka yi wa aiki ba ya jiran gobe

Kawuna manomi ne a wani ƙauye kusa da Faskari. Shekara 3 bayan an yi masa aikin hawan jinin ido, sai ya wayi gari idon ya yi jajir, yana kwantsa, ba ya iya duban haske. Mutanen gida suka ce ai apolo ne, aka sayo maganin ɗigawa a kemis. Sai da aka kwana 4 kafin a kai shi Funtuwa, daga can aka tura shi Kaduna. Likita ya duba, ya ce an makara.

Ni malamin harshe ne, don haka sunayen nan biyu suka tsaya mini a rai. Apolo ya samo suna ne daga annobar jan ido da ta ɓulla a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Amurka mai wannan suna ya sauka a wata. Yakan warke da kansa. Hawan jinin ido kuwa ba jini ba ne, ruwan cikin ido ne ke taruwa ya matse jijiyar gani. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya nuna shi ne na biyu wajen makantar da mutanenmu, bayan yanar ido.

Abin da likita ke yi shi ne ya buɗe wa ruwan 'yar kafa, ya riƙa taruwa cikin wani ɗan bororo a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Bororon nan yana nan har iyakar rayuwa, fatarsa kuma siririya ce. Ko bayan shekaru, ƙwayoyin cuta na iya bi ta nan su shiga cikin ido. In an kama abin da wuri, magani mai ƙarfi, wani lokaci har da allura a cikin idon, na iya ceto gani. Lissafin na sa'o'i ne.

To, mai karatu, ina mutumin Ƙanƙara ko Sabuwa zai samu sa'o'in nan, a yankin da 'yan bindiga suka shafe shekaru suna hana tafiyar dare?

Da na nemi takardar sallamar kawu, na tarar an rubuta gargaɗin kuwa, dalla-dalla, amma da Turanci. Yana ajiye da ita cikin leda tare da takardun gonarsa. Babu wanda ya taɓa gaya masa da Hausa cewa jan ido a wurinsa ba irin na kowa ba ne.