Yadda rushewar bene a Florida ta sauya tsarin adana bayanan gyaran gine-gine

Cikin daren 24 ga watan Yunin 2021, wani sashe na benen Champlain Towers South da ke garin Surfside a jihar Florida ta Amurka ya rufta, inda mutum 98 suka rasu. An kammala ginin ne a 1981, kuma yana ɗauke da gidaje 136.

Irin wannan bene, kowane iyali ya mallaki nasa sashen ne, amma rufi da ginshiƙai da matakala da wurin ajiye motoci mallakar kowa da kowa ne. Ƙungiyar masu gidajen ce ke kula da su, ta hannun shugabannin da mazauna ke zaɓa daga cikinsu, waɗanda galibi 'yan sa-kai ne, ba injiniyoyi ba.

Abin da ya fi tayar da hankali bayan aukuwar lamarin shi ne, an yi gargaɗi a rubuce. Tun a 2018 wani injiniya ya miƙa rahoton da ya nuna babbar illa a kankaren da ke ƙarƙashin farfajiyar wurin ninƙaya, da tsagewa a ginshiƙan wurin ajiye motoci. An ƙiyasta gyaran a kan kimanin dala miliyan 9. Aka yi ta jan ƙafa da muhawara kan kuɗi, har adadin da aka nemi mazauna su biya ya kai kusan dala miliyan 15 a 2021. Jama'a ba su ga rahoton ba sai da hukumomin garin suka fitar da shi bayan benen ya faɗi.

Matsalar takarda ke nan: tana zama ne a inda aka ajiye ta. Shugabanni na sauyawa, kamfanin da ke kula da gini na iya tafiya da fayilolinsa, sabon mai saye kuma ya biya kuɗi bai san tarihin abin da ya saya ba. Idan aka ɗauki hoton takardun aka adana a kwamfuta, aka jera su bisa kwanan wata da sashen ginin da suka shafa, tarihin zai bi ginin ne maimakon ya bi mutane. Injiniyan da ya zo bana zai iya kwatanta tsagewar da ya gani da hoton da aka ɗauka shekaru biyar baya, ya gane ko tana faɗaɗa.

A watan Mayun 2022 Florida ta kafa dokar da ta wajabta binciken ƙarfin duk wani bene irin wannan mai hawa uku ko fiye idan ya cika shekara 30, sannan a maimaita duk bayan shekara 10. Dole ƙungiya ta adana rahoton binciken tsawon shekara 15. Dama tun 2019 ƙungiyoyin da ke da gidaje 150 zuwa sama na da wajibcin sanya muhimman takardunsu a shafin intanet da masu gidaje za su iya shiga. Wata doka ta 2024 ta sauko da adadin zuwa gidaje 25, daga farkon 2026.

Birtaniya ma ta bi makamanciyar hanya bayan gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta hallaka mutum 72. Dokarta ta 2022 ta buƙaci a riƙa adana bayanan dogayen gine-ginen zama a kwamfuta.

Sai dai sanya rahoto a intanet ba ya ɗaure ginshiƙi. Shugabannin benen Surfside sun san abin da injiniya ya rubuta. Kuɗin ne ya zama abin ja-in-ja. Shi ya sa dokar Florida ta haɗa da sharaɗi mafi ɗaci, wato hana masu gidaje kaɗa ƙuri'ar yafe wa kansu tara kuɗin gyaran muhimman sassan gini, kamar yadda da yawa suka saba yi a baya. Sakamakon haka kuɗin wata-wata ya tashi a tsofaffin benaye da dama, kuma koken mazauna, musamman 'yan fansho, ya sa majalisar jihar ta sassauta wasu wa'adodin a 2025.