Mene ne targaɗen wuya, kuma yaya ake jinyarsa a gida?

A labaran haɗarin mota ko babur, akan ji cewa wasu sun tsira da targaɗe a wuya. Me ake nufi?

Ƙasusuwa 7 ne jere a wuyan mutum, jijiyoyi masu tauri na riƙe da su. Idan kai ya fizgu da ƙarfi, kamar lokacin da direba ya taka birki ba zato, jijiyoyin kan miƙe fiye da kima ko su ɗan yage. Wannan ne targaɗe. Sau da yawa ciwon sai washegari yake tashi: wuya ya sage, mutum ba ya iya waiwaye sai ya juya jikinsa gaba ɗaya.

A kwana 2 na farko ana naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Daga nan sai gashi da ruwan ɗumi. Farasitamol na rage zafi, haka ma ibuprofen, amma mai gyambon ciki ya guje shi. Motsa wuya a hankali ya fi yawan kwanciya amfani, kuma murɗa shi da ƙarfi haɗari ne. Yawanci yakan warke cikin 'yan makonni.



Amma idan hannu ya mutu ko ya yi rauni, ko bugun da wuyan ya sha ya yi tsanani, asibiti za a nufa. Haka idan wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi, domin yana iya zama sanƙarau.