Me Ya Sa Shafi Ke Buɗewa a Legas, Ya Maƙale a Zuru?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet a garin Zuru da ke jihar Kebbi lokacin cike fom ɗin makaranta ya san wannan kallo: ɗalibi da mai shago sun zuba wa fuskar na'ura ido, wani ɗan zobe yana ta juyawa, ba wanda ya san ko bayanan sun tafi ko suna nan. Magana ɗaya ke fitowa daga bakin kowa, wai sabis ne babu. Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai ranar da sandunan sabis suke cike, data na nan daram, shafin kuma ya fito fari fat ya tsaya cak. A irin wannan rana laifin yana wurin da mai waya ba ya gani, wato a yadda aka gina shafin tun farko.

Maganar ta shafi mutanen Zuru kai tsaye, domin harkokin da a da sai an je ofis yanzu sun koma cikin waya. Tun da aka ɗaga Kwalejin Aikin Gona ta garin zuwa Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona a 2020, ɗalibai suka ƙaru, kuma rajista da biyan kuɗi sun rataya a kan intanet. A watan Mayun 2024 asusun bashin karatu na NELFUND ya buɗe shafinsa, ta nan kawai ake nema. Haka duba gurbin karatu a JAMB, haka rajistar bautar ƙasa. Masarautar Zuru kuwa ƙananan hukumomi huɗu ce, Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, kuma wanda ke Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji, idan shafi ya ƙi buɗewa a wayarsa, sai ya biya kuɗin mota ya shigo gari. A shekarun nan da matsalar tsaro ta addabi wasu hanyoyin yankin, wannan tafiya ba ƙaramin abu ba ce.

A farkon zamanin intanet, shafi takarda ce kawai da ake aikowa. Babbar kwamfutar da ke riƙe da shi, wadda ake kira uwar garke, ita ke haɗa rubutu da hoto ta turo su a kammale, burauza ta nuna. A 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro JavaScript, yaren umarni da ke ba shafi damar motsi da amsa taɓawa ba tare da an sake loda shi ba. Da ayyukan suka yi girma, sai aka fara fitar da abin da masu sana'ar ke kira firamwok, wato tarin umarni da aka riga aka rubuta, wanda magini zai ɗora nasa aikin a kai. Google ta fitar da AngularJS a 2010, Facebook ta saki React a 2013, Evan You ya kawo Vue a 2014. Ba a banza suka karɓu ba. Suna ba mutum goma damar yin aiki a manhaja ɗaya ba tare da sun taka ƙafar juna ba, kuma maɓallin da aka gina sau ɗaya ana iya dasa shi a wurare ɗari. Har manhajojin da ake saukewa daga Play Store, da yawansu shafin intanet ne aka naɗe cikin rigar manhaja.

Sai dai sauƙin da magini ya samu, wani ne ya biya shi. A tsarin da aka fi yayi da waɗannan kayan aiki, uwar garke ba ta turo shafin a kammale. Abin da take turowa shi ne fanko, tare da ƙunshin JavaScript mai nauyi, sannan wayar mai karatu ta sauke ƙunshin, ta karanta, ta aiwatar, ta sake tambayo bayanai, kafin harafi ɗaya ya bayyana. Tamkar baƙo ne ya nemi tuwo, aka miƙo masa damin dawa da turmi da taɓarya aka ce ga abinci nan. Mai ƙarfi zai daka ya tuƙa nan da nan. Mai rauni kuwa zai daɗe da yunwa.

A nan ne irin wayar ke shigowa. Addy Osmani, injiniya da ya yi shekaru a sashen burauzar Chrome, ya daɗe yana jan hankalin abokan sana'arsa cewa kilobayit 170 na hoto da kilobayit 170 na JavaScript ba ɗaya ba ne. Hoto ana sauke shi ne a nuna. JavaScript kuwa sai ƙwaƙwalwar wayar ta bi shi layi-layi, kuma muddin tana wannan aiki, ko an danna maɓalli ba za ta amsa ba. Shi ya sa mutum zai ga fom ya fito sarai, ya taɓa, ya sake taɓawa, shiru. Aikin da babbar waya ke gamawa kafin a ƙifta ido, ƙaramar waya na iya ɗaukar ninkinsa sau da yawa. Wayoyin da suka cika hannun jama'a a Zuru kuwa su ne Itel da Tecno da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, kuma masu arahar cikinsu suna aiki ne da Android Go, tsarin da Google ta fitar a 2017 musamman don wayoyin da ram ɗinsu bai wuce gigabayit 1 ba a lokacin. Ƙididdigar HTTP Archive, cibiyar da ke auna miliyoyin shafuka, ta nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabayit 2, kuma kusan rabin megabayit daga ciki JavaScript ne a matse. Wayar da ke fama da wannan nauyi zafi take yi, cajinta ya zube, mai ita ya koma wurin mai caji ya sake biya.

Wanda ya gina shafin bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yana zaune ne a Legas ko Abuja, gabansa kwamfuta mai ƙarfi, intanet ɗin ofis kamar ruwan famfo. A wurinsa komai na buɗewa cikin daƙiƙa ɗaya, don haka ya sa hannu cewa aiki ya kammala. Ba mugunta ba ce, rashin gwaji ne a inda ya dace.

Nisa ma na da nasa. Manhajojin Najeriya da dama uwar garkensu tana Turai ko Amurka, don haka kowace tambaya da waya ta yi sai ta tashi daga turken sabis na Zuru, ta gangara Legas, ta bi wayoyin ƙarƙashin teku, sannan amsa ta biyo sawu. Mutane da yawa sun fara sanin da waɗannan wayoyi ne ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka rikice a ƙasashe da dama. Shafin da ke buƙatar zuwa da dawowa sau ɗaya zai jure raunin sabis. Wanda ke buƙatar sau shida a jere, kowace na jiran ta gabanta, ɗaya ta yanke shi ke nan an koma farko. Ga kuma kuɗi: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Masu tsimin data kan fake da Opera Mini, wadda ke matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ta turo shi, amma a yanayin tsiminta mafi tsanani shafukan da suka dogara kacokan ga JavaScript sukan fito a karye.

Manyan kamfanoni sun sha wannan darasi da kansu. A 2012 Mark Zuckerberg ya faɗa a bainar jama'a cewa babban kuskuren Facebook shi ne dogaro da fasahar shafin intanet wajen gina manhajarta ta waya, saboda nawar da take yi. A 2015 kamfanin ya fitar da Facebook Lite, wadda girmanta bai kai megabayit 1 ba, kuma a shekarar ya ɓullo da wani tsari inda ma'aikatan da suka yarda ake rage musu saurin intanet zuwa na 2G na awa ɗaya kowace Talata, don su ɗanɗana abin da masu amfani da manhajar ke sha. A 2017 injiniyoyin Netflix suka cire React daga ɓangaren burauza a shafinsu na maraba da sababbin masu rajista, sai lokacin da shafin ke ɗauka kafin ya fara amsa taɓawa ya ragu da rabi. A Maris 2022 masu kula da GOV.UK, shafin gwamnatin Birtaniya, suka cire jQuery, wani ƙunshin JavaScript mai nauyin kusan kilobayit 32 kacal, kuma awonsu ya nuna masu ƙananan wayoyi da raunin sabis ne suka fi amfana. Idan gwamnati mai arziki ta damu da kilobayit 32, hukumar da ke hidima ga manomin Fakai ba ta da uzurin yin sakaci da megabayit.

A gida ma akwai misali. A 2016 kamfanin cinikin intanet na Konga ya sake gina shafinsa ya zama mai sauƙi, mai iya ajiye wani sashe nasa a cikin waya, kuma rahoton da Google ta wallafa ya ce datar da ake kashewa a buɗewar farko ta ragu da kashi 92 cikin 100 idan aka kwatanta da sauke manhajar kamfanin.

Zai zama rashin adalci a ɗora wa React ko Vue laifin duka. Twitter Lite, wadda aka ƙaddamar a Afrilun 2017 don ƙasashe masu tsadar data, da React aka gina ta, kuma ba ta kai megabayit 1 ba. Bambancin shi ne maginanta sun yanka ƙunshin gunduwa-gunduwa, waya ta sauke abin da take buƙata a wannan lokaci kawai. Kayan aiki irin su Next.js, da ya fito a 2016, suna mayar da haɗa shafi wurin uwar garke, Svelte kuma, da shi ma ya fito a 2016, yana gama yawancin aikin tun a kwamfutar magini. Hanyoyin suna nan, kuma kyauta ne. Ma'aunin ma yana nan: tun 2020 Google ta fitar da Core Web Vitals, wanda ya ce babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kada rubutu ya riƙa tsalle yana kauce wa yatsa, sannan daga Maris 2024 aka sa sharaɗin cewa shafi ya amsa taɓawa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Kowa na iya liƙa adireshin shafi a PageSpeed Insights ya ga sakamakonsa ba tare da biyan ko kwabo ba.

Wani bincike na Google a 2016 ya gano cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Wannan shi ke sa kantunan intanet gyara kansu, don mai saye zai tafi wani wuri. Ɗalibar da ke neman bashin karatu ba ta da wani wurin zuwa. Shi ya sa nauyin ya fi hawa kan shafukan hukuma da na makarantu da na asibitoci, kuma inganci a wurinsu ya wuce sauri kaɗai. Fom ɗin da ke goge duk abin da aka cike da zarar sabis ya ɗauke bai da inganci. Haka maɓallin biya da ba ya nuna ya karɓi umarni har mutum ya danna sau biyu a cire masa kuɗi sau biyu, da akwatin suna da ke ƙin karɓar Sa'adatu ko Isma'ila saboda ɗan waƙafin da ke tsakiya. Duk waɗannan magini na iya hana su idan ya san da su.

Matasan Kebbi da ke koyon gina manhaja, ko ta shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a ƙarshen 2023 ko da ƙoƙarin kansu, suna da abin da maginin Legas ba shi da shi, domin wayar gwajin tana aljihunsu, raunin sabis ɗin kuma a ƙofar gidansu yake. Hukumomi da makarantun da ke ba da kwangilar shafi kuma su rubuta shi cikin yarjejeniya: ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an cike fom ɗin daga farko har ƙarshe a ƙaramar wayar Itel, da datar waya, a Ribah ko Mahuta, a gaban wakilin hukumar.