Macijin da ke iyo a cikin rairayi

Idan damina ta faɗi aka shiga gona, wani lokaci fartanya takan tono wani gajeren maciji mai kauri daga cikin ƙasa mai yashi. Kafin a ce kwabo an yi ihun “kububuwa!”, an rufe shi da duka. Sau da yawa kuwa ba kububuwa ba ce. Wani bawan Allah ne da ba shi da dafi ko ɗigo, wanda masana kimiyya suka sa wa suna Eryx muelleri. Mu a nan za mu kira shi macijin rairayi.

Yana zaune a yankin Sahel, gefen hamadar Sahara ta kudu, tun daga Senegal da Mali, ya ratso Nijar da arewacin Najeriya, har Chadi da Sudan. Wani masanin dabbobi mai suna George Boulenger, wanda ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi na Landan, shi ne ya fara bayyana shi a rubuce a shekarar 1892.

Ku dube shi da kyau, za ku ga an halicce shi don rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa ba ya kai mita ɗaya. Kansa ƙarami ne, ba ya da wuyan da za a nuna, kai da gangar jiki sun tafi bai ɗaya kamar taɓarya. Idanunsa ƙanana ne, fatarsa sumul, mai launin ruwan ƙasa-ƙasa ko rawaya da manyan ɗigogi masu duhu, cikinsa kuma fari-fari. Wutsiyarsa gajeriya ce mai tsini a ƙarshe. Wasu na cewa da ita yake harbi, alhali babu dafi a cikinta. Da wannan siffa yakan nutse cikin yashi cikin ɗan lokaci, ya yi ta tafiya a ciki kamar kifi a ruwa.

Da rana, lokacin da rairayi ya yi zafin da ba a iya taka shi, yana can ƙasa inda akwai sanyi, ko a ramin ɓera. Farautarsa ta dare ce, kuma ta haƙuri. Sai ya binne jikinsa duka, ya bar idanu da hanci kawai a waje, ya jira. Maciji ba ya da kunne a waje kamar namu, amma yana jin motsin ƙasa ta ƙashin muƙamuƙinsa. Da ɓera ko ƙadangare ya gifta, sai ya yi wuf ya cafke shi, ya nannaɗe shi ya matse, irin yadda mesa take yi. An daɗe ana zaton matsewar numfashi take hanawa. Bincike ya nuna jini ne ke daina zagayawa, shi ya sa abin da aka kama yake mutuwa da wuri. Kowane ɓeran da ya haɗiye kuwa, ɓarawon gero ɗaya ne ya ragu a gona.

Ga wani abin da zai burge masu son darasin kimiyyar halittu. Yawancin danginsa haihuwar ’ya’ya suke yi da ransu, shi kuwa ƙwai yake sakawa. Sannan kusa da gindin wutsiyarsa akwai wasu ’yan ƙananan ƙayoyi biyu, waɗanda masana suka ce ragowar ƙafafun baya ne. Saboda kyansa da sanyin halinsa, ana fitar da shi daga wasu ƙasashen Afirka ta Yamma zuwa Turai da Amurka, inda ake kiwonsa a akwatin gilashi.

To, yaya za a bambanta shi da kububuwa? Ita ma gajeriya ce, mai ɗigo-ɗigo, kuma da dare take yawo. Sai dai kanta ya fi wuyanta faɗi sosai, idanunta manya ne, fatarta da kaushi. In ta fusata takan lanƙwashe tana goga jikinta da juna, sai ka ji ƙara kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi. Macijin rairayi ba ya wannan ƙarar. Shi neman inda zai nutse yake yi.

Amma fa ku lura: wannan bayani ba lasisin ɗaukar maciji da hannu ba ne. Da magariba, ko a cikin ciyawa, ko babba yana iya kuskure, kuma kuskure da kububuwa ba wasa ba ne. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Tana cikin macizan da suka fi kashe manoma da makiyaya a yankinmu, kuma yawan saranta ne ya sa asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna. In kun ga maciji, ku ja da baya ku ba shi hanya. In ya sari wani, kada a tsaya gardamar wane iri ne. Kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti inda ake da allurar maganin dafi.