Daga Ƙirare Zuwa Nano: Yadda Ƙanƙanta Ke Ƙara Wa Wuta Ƙarfi

Duk matar da ta taɓa hura murhu a unguwar Federal Low-Cost ta Gombe ta san gungume ba ya kamawa sai an faskara shi, ƙirare kuwa ashana ɗaya ta ishe su. Iya ƙanƙantar abu, iya yawan jikinsa da wuta za ta lasa a lokaci guda.

Wannan dabarar ta bakin murhu ita masana sinadarai masu fashewa suka kai ƙarshenta, wato dangin nakiyar da ake fasa dutsen siminti da ita a Ashaka, da makamashin roka. Burinsu ƙwayoyin su sauko zuwa ma'aunin nano. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Amma abin da gogayya kaɗai ke iya tayar da shi, wa zai kai shi injin niƙa?

Sai aka nemi taimakon iskar kabon da muke fitarwa a numfashi. Idan zafinta ya wuce digiri 31, aka kuma matse ta fiye da ninki 73 na nauyin iskar da ke kanmu, sai ta koma ba ruwa ba, ba iska ba: tana ratsa abu kamar iska, tana narkar da shi kamar ruwa. Bafaranshe Cagniard de la Tour ne ya fara ganin wannan hali a 1822, kuma da iskar kabon mai wannan hali ake cire sinadarin kafin daga kofi a yau. In an narkar da sinadari mai fashewa a cikinta, da an saki matsin sai ta tsere, ta bar gari mai laushi ba tare da niƙa ba. Ita kanta ba ta cin wuta.

Kada ka ɗauka abin sai Turai. Tukunyar kashe gobara mai baƙin ƙaho da ke rataye a banki, in zafin Afrilun Gombe ya buge ta, abin da ke cikinta a wannan halin yake.

Gargaɗina ga masu injin niƙa da 'yan katako ne. Ƙurar gari da ta cika ɗaki ita ma tana fashewa. A 1878 ta tarwatsa masana'antar fulawa ta Washburn a Minneapolis ta Amurka, mutum 18 suka mutu. Ku buɗe tagogi, ku share ƙura, sigari kuma a sha shi a waje.